Yadda Ake Gasa Kek ɗin Tuffa Mai Kayan Ƙamshi a Gida

Kek ɗin tuffa ba shi da wuyar haɗi, amma yana da hali guda da ya raba shi da kek na yau da kullum: ɗanyen ɗan itace ake zuba masa, mai cike da ruwa. Kusan kashi 85 cikin 100 na nauyin tuffa ruwa ne, kuma da zarar zafi ya ratsa ta sai ta fara sakin ruwan nan a cikin kwaɓin da ke ƙoƙarin gasuwa. Yawancin abin da ake kuka da shi, wato tsakiya ta caɓe, ko kek ya lotsa bayan an fito da shi, ko gefe ya ƙone alhali ciki ɗanye, daga nan yake farawa. Idan kika iya da ruwan tuffa, sauran aikin mai sauƙi ne, kuma za ki samu kek mai laushi da danshi wanda bai jiƙe ba, ƙamshin kirfa na tashi daga kowane yanka.

Wace tuffa za ki saya

Ba kowace tuffa mai daɗin ci ce ke da daɗin gashi ba. Abin da ake nema biyu ne: tauri da ɗan tsami. Taurin ne zai hana ta narkewa ta ɓace a cikin kek, tsamin kuma shi zai tsaya wa zaƙin sukari don kada kek ɗin ya gundure mai ci tun a yanka na farko.

Koriyar tuffar nan da ake kira Granny Smith, wadda asalinta daga Ostareliya ne, ita ce wadda aka fi dogara da ita wajen gashi, domin tana da tsami sosai kuma tana riƙe jikinta a wuta. Braeburn da Pink Lady su ma suna da kyau, zaƙi da tsami sun daidaita a cikinsu. Golden Delicious tana da ƙamshi amma takan yi laushi da wuri. Gala da Fuji zaƙi ya fi yawa a cikinsu, don haka idan su kika samu ki rage sukari da kamar giram 20, ki ɗan ƙara lemon tsami. Wadda ya kamata ki guje wa ita ce Red Delicious, jar nan mai duhu da sheƙi: kyan gani gare ta, amma a wuta takan zama gari-gari, ɗanɗanonta ya gudu. Haɗa iri biyu, rabi mai tsami rabi mai zaƙi, ya fi amfani da iri ɗaya.

Idan ba ki san sunan wadda ke gabanki ba, ki matsa ta da yatsa kusa da hancinta. In ta lotsa ko fatarta ta yi yaushi, ta daɗe a ajiye. Ki gutsira: wadda ta yi garas-garas a baki ita ce ta gashi.

Kayan haɗi

Wannan ma'auni na gwangwani mai zagaye ne, faɗinsa santimita 23, zurfinsa 6 zuwa 7, kuma yana ba da yanka 10 zuwa 12. Ƙaramin cokali a nan yana nufin mililita 5, babban cokali mililita 15, kuma a shafe ake auna su, ba a tsiri ba.

- Tuffa matsakaita 4, kimanin giram 550 kafin a fere
- Fulawa giram 250
- Bota giram 150
- Sukari mai ruwan ƙasa giram 100
- Farin sukari giram 80, da ƙarin babban cokali 1 na tuffa
- Ƙwai manya 3
- Yogot marar sukari mililita 80
- Bekin fauda ƙaramin cokali 2
- Bekin soda rubu'in ƙaramin cokali
- Gishiri rabin ƙaramin cokali
- Garin kirfa ƙaramin cokali 2
- Garin citta ƙaramin cokali 1
- Gyaɗar ƙamshi rabin ƙaramin cokali
- Garin kanumfari rubu'in ƙaramin cokali
- Fanila ƙaramin cokali 1
- Ruwan lemon tsami babban cokali 1

Sikeli ya fi kofi gaskiya, musamman wajen fulawa. Kofi ɗaya mai cin mililita 240, idan aka zuba masa fulawa da cokali a hankali aka shafe bakinsa, yana ɗaukar giram 120 zuwa 125. Wannan kofin dai, idan aka tsoma shi cikin buhu aka danna, zai iya ɗaukar giram 150 ko fiye. A kofi biyu ke nan an ƙara giram 50 ba a sani ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya busar da kek. In babu sikeli, ki sassauta fulawar da cokali tukuna, ki zuba kofi 2 a shafe.

Maganar bota tana buƙatar a ɗan tsaya. Bota ta gaskiya kashi 80 zuwa 82 cikin 100 nata maiƙo ne. Majarin mai tauri da aka yi domin gashi yana iya maye gurbinta, amma irin mai taushin nan na shafa wa burodi wani lokaci rabinsa ruwa ne, kuma kek ɗin da dama yake fama da ruwan tuffa ba ya buƙatar ƙari. Ki duba jikin roba: idan maiƙon bai kai kashi 75 ba, ki bar shi. Idan botarki mai gishiri ce, ki rage gishirin haɗi zuwa rubu'in cokali.

Sukari mai ruwan ƙasa yana da amfani fiye da launi. Ruwan rake mai duhu da ke jikinsa yana riƙe danshi, yana kuma da ɗan tsami, kamar yadda yogot yake da shi. Wannan tsamin ne bekin soda ke haɗuwa da shi ya fitar da iskar da ke tayar da kwaɓi, shi ya sa aka sa soda kaɗan tare da bekin fauda. Idan farin sukari kaɗai gare ki, ki sa giram 180 gaba ɗaya, kek zai yi, sai dai launinsa zai fi haske. Idan babu yogot, ki zuba ƙaramin cokali 1 na lemon tsami a madara mililita 80, ki bar ta minti 10 ta ɗan kama.

Kafin ki fara, ki gwada bekin faudarki idan ta daɗe a buɗe. Ki zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi: in ta yi kumfa nan take, tana da rai. Ita soda da ruwan lemon tsami ake gwada ta.

Kayan ƙamshin

Kirfa ce jagora a wannan kek, sauran rakiya suke yi mata. Iri biyu ake samu. Akwai ta Siri Lanka, mai siririn ɓawo da ke naɗe kamar takarda, ƙamshinta a natse yake. Akwai kuma mai kaurin ɓawo da ake nomawa a Sin da Indonesiya da Biyetnam, wadda ta fi ƙarfi da yaji, kuma ita ce aka fi niƙawa ana sayarwa. Cokali 2 da aka faɗa na mai ƙarfin ne. Idan ta Siri Lanka ce, ki ƙara rabin cokali.

Citta tana kawo ɗumi a bayan harshe. Busasshiya ake so, domin ɗanya ɗanɗanonta daban ne kuma tana ƙara ruwa. Gyaɗar ƙamshi ki goga ta a lokacin da za ki yi amfani da ita, domin garinta yana saurin rasa ƙamshi, ƙwaya ɗaya kuwa za ta yi miki kek da yawa.

Kanumfari shi ne wanda ake taka-tsantsan da shi. Man da ke cikinsa yana da ƙarfin da har yakan sa harshe ya ɗan mutu, kuma idan ya yi yawa ba za a ji tuffa ba, ba za a ji kirfa ba, sai wani ɗanɗano kamar na magani. Rubu'in cokali shi ne iyaka. In da kanki kika daka shi sabo, ki ma rage.

Ƙamshin waɗannan kayan duka a cikin maiƙo yake narkewa, ba a ruwa ba. Saboda haka maimakon a tankaɗe su cikin fulawa kamar yadda aka saba, ya fi kyau a zuba su a bota tun lokacin buga ta da sukari. Maiƙon zai kwashi ƙamshin ya kai shi kowane lungu na kek. Bambancin a fili yake, kuma bai ƙara miki wani aiki ba. Garin ƙamshin da ya haura shekara a kwalba kuwa, ki murza shi a tafin hannu ki shinshina. In ba ki ji komai ba, a kek ma ba za a ji ba.

Gyaran tuffa

Da wannan za ki fara, domin yana buƙatar lokacin jira. Ki fito da bota da ƙwai da yogot daga firji tun kafin nan su huce.

Ki fere tuffa 3, ki raba kowace gida huɗu, ki cire tsakiyar mai 'ya'ya, ki yanka ƙanana masu kusurwa huɗu, kowane kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi. Girman yankan yana da tasiri. Manya ba sa nuna daidai da kek, kuma kowane yakan tara ruwa a kewayensa ya bar kwaɓi ɗanye a wurin. Gogaggiyar tuffa kuwa tana sakin ruwanta gaba ɗaya lokaci guda, kek ya yi nauyi kamar an dafa shi a turara.

Ki zuba yankakkiyar tuffar a kwano, ki sa mata rabin lemon tsamin da babban cokali 1 na farin sukari, ki juya. Sai ki juye a rariya, ki ɗora rariyar a kan kwano, ki bar ta minti 20. Sukarin zai jawo ruwan da ke kusa da fatar yankan, za ki ga kamar babban cokali 2 ko 3 ya taru a ƙasa. Wannan shi ne ruwan da da zai caɓa miki kek. Kada ki zubar, akwai aikinsa a gaba. Lemon tsamin kuma yana hana tuffa yin duhu, domin tsami yana rage ƙarfin sinadarin da ke sa yankakkiyar tuffa canza launi idan iska ta taɓa ta.

Ta huɗun ta ado ce. Ki yanka ta siri-siri, kaurin milimita 3 zuwa 4, ki shafa mata sauran lemon tsamin ki ajiye. Ba dole ne a fere ta ba, jan ɓawo ma yakan ƙara wa saman kek kyau.

Bayan minti 20, ki baza ƙananan yankan a tsumma mai tsabta ki ɗan dandanna su bushe, sannan ki ɗebi babban cokali 1 daga fulawar da kika auna ki barbaɗa musu. Ana yawan cewa fulawar nan ce ke hana tuffa nutsewa ƙasa. Tana taimakawa kaɗan, amma abin da ke riƙe tuffa a inda aka sa ta shi ne kaurin kwaɓi. Kwaɓi mai ruwa ba zai riƙe komai ba ko da an yi mata wanka da fulawa.

Gwangwani da obin

Ki kunna obin a digiri 175 na ma'aunin Salshiyos, wato 350 a Faranhait, ko lamba 4 a obin ɗin gas mai lambobi. Idan naki mai fanka ne a ciki, ki sa 160. Ki ba shi minti 15 zuwa 20 ya yi zafi sosai kafin kek ya shiga, ki kuma sa ragar a tsakiya.

Ki shafa bota a gwangwani, ƙasa da gefe, ki shimfiɗa takardar gashi a ƙasa. Kada ki tsallake takardar: duk yankan tuffar da ya taɓa ƙarfe, sukarinsa zai narke ya manne, wajen juyewa kek ya yage. Gwangwani mai kusurwa huɗu na santimita 20 yana cin daidai wannan kwaɓin. Idan mai zagaye na santimita 20 gare ki, kek zai fi kauri, sai ki rage zafi zuwa 165 ki ƙara masa minti 10 zuwa 15. Baƙin gwangwani yana jan zafi fiye da mai haske, shi ma a rage masa digiri 10. Kowane iri ne dai, kada kwaɓi ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfinsa.

Kwaɓi

Ki tankaɗe fulawa da bekin fauda da soda da gishiri a kwano ɗaya, ki juya da kyau. Soda idan ta dunƙule a wuri guda, wanda ya ci karo da ita zai ji ɗaci kamar sabulu.

A babban kwano ki sa bota. Yanayinta a wannan lokaci shi ne ginshiƙin tashin kek. Ana so ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta cikin sauƙi, amma tana nan a tsaye, ba ta sheƙin mai, wato kamar digiri 18 zuwa 20. Mai sanyi da tauri ba ta buguwa, wadda ta fara narkewa kuma ba ta riƙe iska. Idan ɗakin girkinki da zafi har botar ta saki jiki, ki mayar da ita firji minti 10.

Ki zuba sukari iri biyun, da kirfa, citta, gyaɗar ƙamshi da kanumfari, ki buga. Da injin bugawa minti 4 zuwa 5 ne a matsakaicin gudu, da muciya kuwa minti 8 zuwa 10, kuma hannu zai gaya miki. Ƙwayoyin sukari suna yanka ƙananan ramuka a cikin bota, iska ta shige. Bekin fauda ba ta ƙirƙirar sababbin ramuka, waɗanda kika buga take hurawa su girma a wuta. Kin gama idan haɗin ya yi haske, ya ƙara yawa, ya yi sakwa-sakwa. Ki riƙa kankare gefen kwano kina mayarwa tsakiya.

Sai ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, kowane ki buga kamar rabin minti har ya ɓace kafin ki fasa na gaba. Ƙwai mai sanyi yana sa bota ta daskare ta rabu, haɗin ya yi kamar madarar da ta tsinke. Idan kin manta ba ki fito da su da wuri ba, ki tsoma su da ɓawonsu a ruwa mai ɗumi minti 10. In kuma haɗin ya riga ya tsinke, ki zuba babban cokali 1 na fulawar ki ci gaba da bugawa, zai haɗe. Ki sa fanila tare da ƙwai na ƙarshe.

Daga nan ki ajiye inji, ki ɗauki muciya ko faffaɗan cokali. Ki zuba kashi ɗaya cikin uku na fulawa ki juya, sai rabin yogot, sai kashi na biyu na fulawa, sai sauran yogot, sai ragowar fulawa. Juyin ba na bugu ba ne: ɗebowa za ki yi daga ƙasa ki kifa a sama, kina juya kwanon da ɗaya hannun. Fulawar alkama da ta haɗu da ruwa, gwargwadon yadda aka juya ta gwargwadon yadda take yin danƙo. Danƙon nan shi ake nema a burodi, amma a kek tauri yake kawowa, da dogayen ramuka a ciki. Ki tsaya tun kina ganin ɗan farin fulawa nan da can, ki zuba ƙananan yankan tuffa, ki juya sau 6 zuwa 8. Wajen shigar da tuffar sauran fulawar za ta ɓace.

Kwaɓin zai yi kauri fiye da na kek ɗin da kika saba. Idan kika ɗebo a cokali kika karkata, zai ɗan tsaya kafin ya faɗo a dunƙule. Haka ake so. Kada tsoro ya sa ki ƙara madara, domin ragowar ruwan da yake buƙata yana cikin tuffa, a wuta zai fito.

Mai son zabibi zai iya sa giram 60, amma a jiƙa shi a ruwan zafi minti 10 a tsane tukuna, in ba haka ba waɗanda suka leƙo sama za su ƙone su yi ɗaci.

Idan da man girki za ki yi maimakon bota, mililita 120 ya isa, kuma tsarin yana canzawa. Ƙwai da sukari za ki buga minti 3 zuwa 4 har su yi kumfa mai kauri, ki gauraya kayan ƙamshin a cikin man, ki riƙa tsiyaya shi a hankali kina bugawa, sannan fulawa da yogot kamar yadda aka bayyana. Kek ɗin mai ya fi daɗewa da laushi, ko a firji ba ya tauri, amma na bota ya fi shi ɗanɗano.

Ki juye kwaɓin a gwangwani, ki baje samansa da bayan cokali. Ki jera siraran yankan tuffa a zagaye, kowane ya ɗan hau kan na kusa da shi, ki ɗora su kawai ba tare da dannawa ba. Tsakiyar kek ita ce ƙarshen nuna, don haka kada ki tara tuffa a wurin; ki bar fili kamar faɗin bakin ƙaramin kofi. Ki barbaɗa ƙaramin cokali 2 na sukari a sama, ki kai obin nan take. Soda ta fara aiki tun lokacin da ta taɓa yogot, kwaɓin da aka bari yana jira yana asarar iskarsa.

Gashi

Minti 50 zuwa 60 yake ɗauka. A minti 35 na farko kada ki buɗe ƙofar obin ko kaɗan. A lokacin kek ya tashi amma iska ce kawai ke riƙe da shi, ƙwai da fulawa ba su kama ba tukuna. Iska mai sanyi na shiga zai sauka, kuma ba zai sake tashi ba.

Bayan minti 35 ki leƙa. Idan gefe ɗaya ya fi yin ja, ki juya gwangwanin da sauri ki rufe. Idan saman ya yi duhu alhali da sauran lokaci, ki yafa masa takardar alminiyam sako-sako, ba tare da kin naɗe bakin ba. Kirfa da sukari mai ruwan ƙasa suna sa kek ɗin nan ya yi duhu da wuri, don haka launi ba hujja ba ne cewa ya nuna.

Gwajin tsinke ma yana iya ruɗin mutum a nan, domin in ya soki tuffa zai fito da danshi ko da kek ya gasu. Ki soka a wuri 2 ko 3 kusa da tsakiya, ki duba abin da ya maƙale: ɗan ɓurɓushi mai laushi ba komai, kwaɓi mai yauƙi kuwa yana nufin da saura. Ki haɗa da wasu alamun. Gefen kek zai ɗan janye daga jikin gwangwani, tsakiya kuma idan kika danna a hankali za ta dawo. Mai ma'aunin zafin abinci ya fi kowa hutawa: tsakiyar kek ta kai digiri 95 zuwa 98, ya yi. Idan kina shakka, ƙarin minti 5 ya fi alheri, domin wannan kek yana da danshin da zai jure.

Obin ɗin gas mai wuta a ƙasa kaɗai yakan ƙona gindin kek. Ki sa farantin gashi wanda babu komai a kansa a ragar ƙasa, zai tare harshen zafin. Kuma lambar da ke jikin maɓallin obin ba kullum take faɗin gaskiya ba, wasu sukan kauce da digiri 15 ko 20. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki yana warware wannan.

Wadda ba ta da obin za ta iya gasawa a babbar tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa. Ki zuba gishiri ko yashi mai tsabta kamar kaurin santimita 2 a ƙasa, ki ɗora wani ƙarfe ko ƙaramar raga da za ta ɗaga gwangwani, ki rufe ki bar tukunyar ta yi zafi minti 10 zuwa 15 a matsakaiciyar wuta. Sai ki sa kek, ki rage wuta sosai. Gara ki raba kwaɓin gida biyu a ƙananan gwangwanaye, domin a tukunya zafi daga ƙasa yake zuwa, kek mai kauri zai ƙone a gindi kafin samansa ya kama. Kowane zai ɗauki minti 40 zuwa 50. Tururin tuffa yana taruwa a murfi, don haka duk lokacin da kika buɗe ki goge cikinsa kada ya ɗiga a kan kek.

Bayan an fito da shi

Ki bar shi a gwangwani minti 15. Da zafinsa yana da rauni, juye shi nan take zai farfasa shi. Amma kada ya wuce minti 20 a ciki, domin tururi zai taru a ƙasa ya jiƙa gindin. Ki zagaya gefen da siririyar wuƙa, ki fito da shi, ki cire takarda, ki ɗora a raga inda iska za ta bi ta ƙarƙashinsa.

Yanzu ruwan tuffar nan da kika ajiye. Ki zuba shi a ƙaramar tukunya da babban cokali 1 na zuma ko sukari da ɗan gutsuren bota, ki tafasa minti 2 har ya ɗan yi kauri, ki shafa a saman kek tun yana da ɗumi. Yana ba shi sheƙi, yana hana tuffar sama bushewa, kuma ɗanɗanon da ya fita ya koma inda ya fito.

Ki jira aƙalla awa 1 kafin ki yanka, da wuƙa mai haƙora, kina gogawa a hankali. Kek mai zafi idan aka yanka yakan dunƙule ya yi kamar bai nuna ba, alhali ya nuna.

Idan bai yi yadda ake so ba

Tsakiyar da ta lotsa, sau da yawa rashin gasuwa ne, ko buɗe obin da wuri. Yawan bekin fauda ma yana jawo haka: kek ya tashi fiye da ƙarfinsa, sannan ya rufta. Idan kika ga wani layi mai nauyi da danƙo a ƙasan yanka, ruwa ne ya yi yawa, ko dai ba a tsane tuffa ba, ko an zuba tuffa fiye da giram 450, ko botar ta narke kafin a buga, ko obin bai yi zafi ba lokacin da kek ya shiga. Tuffar da ta taru a ƙasa gaba ɗaya tana nuna kwaɓi ya yi ruwa ko yankan ya yi girma.

Saman da ya yi tsiri ya tsage, zafi ne ya yi yawa: waje ya kama da wuri, ciki ya tashi ya fasa shi. Ki rage digiri 10 zuwa 15 a karo na gaba. Tauri da ramuka dogaye na yawan juyi ne bayan an sa fulawa. Bushewa da marmashewa kuwa, fulawa ce ta yi yawa wajen awo. Ɗaci yana da tushe biyu, kuma harshe zai bambance su: na soda kamar sabulu yake, na kanumfari kuma yana barin baki da ɗan mutuwa.

Kek ɗin da aka riga aka yanka aka tarar tsakiyarsa ɗanya ba ya gyaruwa gaba ɗaya, amma ba asara ba ne. Ki yanka shi, ki jera yankan a kwance a faranti, ki mayar obin a digiri 160 na minti 10 zuwa 12.

Ajiya

Washegari ya fi daɗi, domin a cikin dare danshin tuffa yana ratsa ko'ina, kayan ƙamshin kuma su daidaita. Sai ya huce sarai za ki rufe shi, in ba haka ba zai yi gumi samansa ya yi danƙo. A mazubi mai murfi yana kwana 2 a wuri mai sanyi. Inda ake zafi kuwa, ki sa shi firji tun daga rana ta biyu, domin kek mai ɗanyen ɗan itace yana saurin yin fumfuna. A can zai kai kwana 5. Na bota yakan yi tauri a firji, sai a fito da yanka minti 30 kafin a ci, ko a ɗan ɗumama shi. Don ajiya mai tsawo, ki naɗe kowane yanka a leda daban, ki sa a firiza har wata 2 zuwa 3, in za a ci a bar shi ya saki a cikin ledarsa kafin a buɗe.